Alhaji Abubakar Imam: Rayuwarsa ta Rubutu da Al'adun da Suka Yi Masa Tasiri

4.0 Gabatarwa

Da wuya a sami wanda ya ratsa makarantar boko a ƙasar Hausa, tun daga ƙarshen shekarun 1930, wanda bai taɓa cin karo da Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce ba. Saboda wannan sabo da aka yi da littattafan, malamai da yawa sukan koyar da su kamar wasu abubuwa da aka tsinta a kammale, ba tare da an tsaya an tambayi yadda aka yi suka samu ba. Alhali kuwa kowane marubuci ɗan zamaninsa ne. Gidan da ya tashi, da makarantun da ya shiga, da littattafan da suka faɗo hannunsa, da hukumar da ta buga masa aiki, duk sukan bar sawunsu a cikin abin da ya rubuta.

A wannan babi za a bi diddigin rayuwar Alhaji Abubakar Imam ta fuskar rubutu, sannan a fito da al'adun da suka yi masa tasiri. Abin da ake son ɗalibi ya gane shi ne, gwanintar Imam tana cikin yadda ya ɗebo daga rijiyoyi daban-daban, na gida da na waje, ya haɗa su ya mayar da su abu guda mai kama da ƙamshin ƙasar Hausa. Fahimtar wannan za ta taimaka wa malamin gobe wajen amsa tambayar da ɗalibai masu kaifin basira sukan yi, wato ko Imam maƙagi ne ko kuwa mai kwafo.

4.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) kawo taƙaitaccen tarihin Abubakar Imam;
(b) bayyana matakan da rubutunsa ya bi;
(c) tantance al'adun da suka yi masa tasiri tare da misalai daga littattafansa;
(d) tattauna batun aro da ƙirƙira a adabi bisa hujja.

4.2 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yake cikin Jihar Neja ta yau. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, masanin addinin Musulunci ne, kuma asalin kakanninsa daga ƙasar Borno suka fito. Kamar sauran 'ya'yan malamai, ya fara da karatun allo da na littattafan addini kafin ya shiga boko. Yayansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, malami ne a Katsina, kuma a wannan birni ne Imam ya yi karatunsa na zamani.

Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Yana wannan aiki ne ya rubuta Ruwan Bagaja. A 1939 ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ya riƙe wannan aiki har zuwa farkon shekarun 1950. Yana cikin 'yan bokon da suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya kuma zauna a Majalisar Dokokin Jihar Arewa da Majalisar Wakilai ta Legas, kafin ya koma aiki a hukumar da ke kula da ma'aikatan gwamnatin Jihar Arewa. Ya rasu a shekarar 1981. Bayan rasuwarsa, an buga tarihin rayuwarsa da Ingilishi a 1989, wanda Abdurrahman Mora ya shirya.

4.3 Yanayin da Ya Tarar

Kafin zuwan Turawa, Hausawa suna da rubutun ajami, amma galibin abin da ake rubutawa da shi waƙoƙi ne na wa'azi da fiƙihu da madahu da tarihi, sai kuma wasiƙu. Labarin da aka ƙaga don nishaɗi kuwa, gurbinsa baki ne: tatsuniya da almara da hikaya da labaran ban dariya. Da Turawa suka kafa makarantun boko, farawa da wadda Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, sai aka wayi gari ana koya wa yara karatu amma babu isassun littattafan da za su karanta. Don cike wannan giɓi aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya, daga baya kuma ta koma Hukumar Talifi. Daga cikin ayyukanta na farko akwai Labaru Na Da Da Na Yanzu da Labarun Hausawa Da Maƙwabtansu.

A 1933 shugaban hukumar, Dokta R.M. East, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana kiran malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai. A wata maƙala da ya buga a 1936, East ya bayyana cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda cewa labarin da ba na gaskiya ba ya cancanci a ɓata masa tawada, domin a wurinsu rubutu na al'amura masu nauyi ne, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Abin lura a nan shi ne, biyu daga cikin marubutan 'yan gida ɗaya ne, kuma galibinsu suna da alaƙa da Kwalejin Katsina, ko a matsayin malami ko a matsayin ɗalibi.

4.4 Matakan Rubutunsa

Ana iya kasa rayuwar Imam ta rubutu zuwa matakai uku.

Mataki na farko shi ne na ƙagaggun labarai, daga 1933 zuwa 1939. Ya rubuta Ruwan Bagaja yana da kimanin shekara 22, aka buga shi a 1934. Littafin labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar Kwantagora ya shiga duniya neman wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada sa'ad da ya ambaci wannan ruwa. A cikin yawonsa yake ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan dabara, gobe wancan ya rama. Ganin hazaƙarsa ya sa East ya nemi a ba da aron sa zuwa Zariya a 1936, inda ya yi kimanin wata shida yana aikin Magana Jari Ce. An buga littafin kashi uku tsakanin 1937 da 1939, yana ɗauke da labarai sama da 80. A cikin wannan lokaci ne kuma ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi don amfanin makarantu.

Mataki na biyu shi ne na aikin jarida. Daga watan Janairun 1939, lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, ƙarfin Imam ya koma kan sharhi da labaran duniya, musamman na Yaƙin Duniya na Biyu wanda ya ɓarke a wannan shekara. A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da su Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, ya bayyana masa koke-koken 'yan bokon Arewa game da yadda ake tafiyar da mulkin En'e. Wannan tafiya ce ta haifar da littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944. Haka kuma ya haɗa hannu da East suka rubuta Ikon Allah, wanda ke bayanin halittu da kimiyya cikin Hausa mai sauƙi.

Mataki na uku shi ne na littattafan addini da tarihi, daga shekarun 1950. A nan ne ya rubuta irin su Sayyidina Abubakar da Tarihin Annabi da Haji Mabuɗin Ilmi.

Idan aka dubi waɗannan matakai za a ga wani abin mamaki. Mutumin da ake ɗauka a matsayin jigon ƙagaggun labaran Hausa, shekara shida zuwa bakwai kawai ya yi yana rubuta su, sauran shekaru 40 na rayuwarsa kuwa wasu fagage ya yi wa hidima. Dalili shi ne, a wancan zamani ba marubuci ke zaɓen abin da zai rubuta shi kaɗai ba. Hukuma ɗaya ce mai buga littattafan Hausa, ita ke duba abin da makarantu da gwamnati suke buƙata, 'yan bokon da za su iya aikin kuma 'yan kaɗan ne. Da buƙata ta koma kan jarida, sai aka ja Imam can; da siyasa ta kunno kai, ita ma ta ja shi.

4.5 Al'adun da Suka Yi Masa Tasiri

4.5.1 Adabin Baka na Hausa

Tushen farko shi ne abin da ya sha tun yana yaro. Sunan Ruwan Bagaja kansa daga tatsuniya ya fito, domin akwai tsohuwar tatsuniya mai wannan suna, wadda ke ba da labarin 'yar bora da aka tura wanki a wani ruwa mai nisa, ta yi haƙuri da biyayya ta dawo da arziki, 'yar mowa kuwa ta bi sawunta da rashin kunya ta dawo da tsiya. Imam bai ɗauki labarin yarinyar ba, amma ya ɗauki abin da sunan yake tayarwa a zuciyar Bahaushe, wato wani abu mai daraja da ke can nesa, wanda sai an sha wuya ake samun sa.

Haka kuma halin Alhaji Imam da Malam Zurƙe yana tuna wa mai karatu Gizo, wanda ƙarfinsa wayo ne, wanda kuma ake yi wa dariya ko ya ci ko an ci shi. Sannan ga karin magana. Sunan Magana Jari Ce ya ɗauko siffar karin magana, kuma labarai da dama a cikinsa da karin magana aka raɗa musu suna, kamar "Banza Ta Kori Wofi" da "Saurin Fushi Shi Ke Kawo Da Na Sani". Wannan dabara ta sa mai karatu yakan shiga labari da jigonsa a hannu, kamar yadda dattijo kan jefa karin magana sannan ya kawo labarin da zai tabbatar da ita. Har ila yau, yanayin bayar da labarin na baka ne: a Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ne zaune yana ba Koje Sarkin Labari da jama'a labarinsa, a Magana Jari Ce kuwa aku ne ke magana ana saurare. Wato dai an ɗauko dandali da zaure an sa su cikin takarda.

4.5.2 Karatun Zaure da Adabin Larabci

Tushe na biyu shi ne gadon gidansu. Daga cikin littattafan da manyan almajirai ke karantawa a zaurukan malamai don ƙwarewa a lugga akwai Muƙamatul Hariri, wanda Hariri mutumin Basra, da ya rasu a 1122, ya rubuta. Littafin ya ƙunshi muƙama 50. A kowace ɗaya, mai ba da labari, Harisu ɗan Hammamu, yakan isa wani gari ya tarar da wani mutum mai fasahar harshe yana yaudarar jama'a ya karɓe musu kuɗi, sai a ƙarshe ya gane ashe Abu Zaidi ne, wanda ya sha haɗuwa da shi a wasu garuruwa cikin wata kama. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja zai ga wannan zubi: gari bayan gari, haɗuwa bayan haɗuwa, dabara, sannan ganewar juna. Bambancin shi ne, a wurin Hariri ɗaya ne mai wayo ɗaya mai kallo, Imam kuwa ya mayar da su duka biyu 'yan wasa, kowa yana da bashin da zai rama. Wannan sauyi shi ya ba littafin zaren da ya ɗinke sassansa, domin mai karatu kullum yana jiran ya ga ramuwa ta gaba.

Sanin zaure ya kuma ba shi abin yin raha. Misali shi ne inda Alhaji Imam ya sauka cikin mutanen da ba su da karatu yana yi musu malanta, Malam Zurƙe ya zo zai tona masa asiri. Da aka yi gwaji, sai Alhaji ya zana wata alama a ƙasa ya ce a faɗi ko mene ne. Zurƙe ya amsa da sunan harafi, yadda duk mai karatu zai amsa, shi kuwa Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka duba suka ga lallai ya yi kama da wata, suka ba shi gaskiya. Dariyar da ke nan ta wanda ya san allo ce, kuma a ƙarƙashinta akwai gargaɗi game da yadda jahilci ke sa a ɗaukaka maƙaryaci a kori masani.

Littafin Alfu Laila wa Laila, wanda aka fassara da sunan Dare Dubu da Ɗaya, shi ma ya yi tasiri ainun. Daga cikinsa aka samo labarin Ƙamaruzzaman da ke cikin Magana Jari Ce, kuma duniyar aljannu da tsuntsaye masu ɗaukar mutum da birane masu nisa da ake gani a rubutun Imam ta yi kama da tasa. Bayan wannan, tunanin Musulunci ya ratsa ayyukansa gaba ɗaya: dogaro ga Allah, da yarda da ƙaddara, da sakayyar alheri da mugunta tun a duniya.

4.5.3 Ilimin Boko da Adabin Wasu Ƙasashe

Tushe na uku shi ne Kwalejin Katsina, inda ya ƙware a Ingilishi har ya koyar da shi. Wannan harshe ne ya buɗe masa ƙofar labaran Turai da na Gabas da aka fassara. Manazarta sun nuna kamannin da ke tsakanin Ruwan Bagaja da wata tatsuniyar Jamusawa da ke cikin tarin 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm, wanda suka fara bugawa a 1812. A cikinta sarki ne ba shi da lafiya, 'ya'yansa uku suka fita neman ruwan rai. A wurin Imam kuwa ɗan sarki ne majinyaci, mai neman ruwan kuma ɗan gidan malamai ne, abin da ya fitar da shi kuma kare mutuncin Liman ne. Ta haka labarin gadon sarauta ya koma labarin martabar malami a gaban sarki, batun da ya shafi gidan su Imam kai tsaye.

Lokacin aikin Magana Jari Ce, East ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban don ya karanta ya zaɓa. Babban labarin da ya goya sauran, wato na aku mai tsare mutum da hira, asalinsa daga Indiya ne, daga wani tsohon littafi mai labarai 70 na aku, wanda aka mayar da shi harshen Farisa a ƙarni na 14 da sunan Tutinama. A can, matar wani falke ce take son fita wurin wani namiji bayan mijinta ya yi tafiya, aku yana ɗauke mata hankali da labari kowane dare har gari ya waye. Imam ya san cewa littafin makaranta yake rubutawa, kuma yaran Musulmi ne za su karanta. Sai ya sauya ginshiƙin: wanda ake tsarewa ya zama Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, mai son ya fita ya bi sawun mayaƙa, alhali Waziri ya ƙulla masa makirci a waje. Dabarar aku ba ta canja ba, amma abin da ake karewa ya tashi daga amanar aure ya koma ran magajin sarauta da zaman lafiyar ƙasa.

Irin wannan sauyi ana ganin sa a ƙananan labaran. Labarin Kalala da Kalalatu ya yi daidai da wata tatsuniyar Grimm, inda kuku ta cinye kaji biyu da aka soya don baƙo, ta tsorata baƙon da wuƙar da maigida ke wasawa, sannan ta ce wa maigida baƙo ya gudu da kajin. A hannun Imam kuku ta zama matar gida, rikicin ya koma na miji mai son ciyar da baƙi da mata mai jin haushin hakan, abin da kowane Bahaushe zai gane. Labarin Sarkin Busa kuma ya samo asali daga labarin Jamusawa na mai busar garin Hamelin, wanda ya raba gari da ɓeraye aka hana shi ladansa, ya rama ta hanyar janye yaran garin.

4.5.4 Rayuwar Fada

Tushe na huɗu shi ne sarauta. Imam ya yi ƙuruciyarsa da farkon aikinsa a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944. Duniyar Magana Jari Ce duniyar fada ce: sarki da waziri da fadawa da bayi da alƙalai, da gaisuwa da kirari da neman iso. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne matsayin da ya ba aku. Tsuntsu ne da ba shi da ƙarfi ko dukiya ko asali, sai harshe da hankali, amma da su ya kuɓutar da ɗan sarki har aka naɗa shi waziri. A littafi na biyu ya kara da wani aku mai suna Haziƙ a gasar ba da labari, a na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana da zama da manya. Ana iya karanta wannan a matsayin hoton sabon rukunin 'yan boko irin su Imam, waɗanda ba su gaji sarauta ba, amma ilimi da iya magana suka kai su kusa da masu mulki. Rayuwarsa ta jarida ta bi wannan hanya, domin ya shahara da faɗa wa sarakuna da Turawa gaskiya cikin lafazin da za su iya saurara.

4.5.5 Hukumar Talifi

Ba za a manta da hannun East da hukumarsa ba. A wurinsu Imam ya koyi aikin gyaran rubutu da ƙa'idojinsa, da rubuta jimla mai sauƙi wadda yaro zai karanta ba tare da tuntuɓe ba. Ta wannan hanya littattafansa da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo suka taimaka ƙwarai wajen kafuwar daidaitacciyar Hausa. Sai dai tasirin yana da ɗaya fuskar. Hukumar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, burinta littattafan karatu masu nishaɗi da tarbiyya. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙagaggun labaran Imam suka fi zama a duniyar sarakunan da da aljannu, ba su tunkari matsalolin zamaninsa gaba da gaba ba. Waɗannan sai a jarida ya taɓo su.

4.6 Aro ko Ƙirƙira?

Masana irin su Ibrahim Yaro Yahaya da Graham Furniss da Ibrahim Malumfashi sun yi rubutu a kan ayyukan Imam, kuma binciken tushen labaransa ya tayar da muhawara. Wasu suna ganin tunda an gano asalin labarai da yawa a wasu littattafai, bai kamata a kira shi maƙagi ba, sai dai mai fassara ko mai baddalawa. Wasu kuma suna ganin ko ambaton wannan batu rage masa daraja ne.

Hanyar da ta fi dacewa da mai nazari ita ce ya riƙe gaskiya biyu a lokaci guda. Ta farko, aron ya tabbata, kuma ɓoye shi ga ɗalibai rashin amana ne na ilimi. Ta biyu, aro tsohuwar al'ada ce a adabin duniya. Kalila wa Dimna daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa kafin Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci, kuma ba wanda ya kore shi daga adabin Larabawa. Shakespeare ma ya samo yawancin labaran wasanninsa daga littattafan da suka gabace shi. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: me marubuci ya yi da abin da ya aro? A nan ana iya auna Imam da ma'auni huɗu: abin da ya zaɓa, da abin da ya zubar saboda bai dace da addini da al'adar masu karatunsa ba, da abin da ya sauya na suna da wuri da dangantaka, da kuma harshen da ya zuba labarin a ciki. Shaidar nasararsa ita ce, an yi shekaru masu yawa Hausawa suna karanta Kalala da Kalalatu ba tare da sun ji wani baƙon ƙamshi a cikinsa ba.

Wajibi ne kuma malami ya bambanta wa ɗalibai wannan da satar fasaha. Baddala labarin gargajiya na wata al'umma, wanda aka narkar aka sake ginawa, daban yake da ɗaukar aikin wani marubuci a sa masa suna, abin da dokar haƙƙin mallaka da ladabin ilimi suka hana.

4.7 Amfanin Darasin ga Malami a Aji

Malamin da zai koyar da waɗannan littattafai zai iya amfani da hanyoyi kamar haka. Na farko, ya sa ɗalibai su tambayo tatsuniyar Ruwan Bagaja a gida, su kwatanta ta da littafin. Na biyu, ya ba su taƙaitaccen labarin asali, kamar na mai busar Hamelin, su fito da abin da Imam ya sauya, su kuma faɗi dalili. Na uku, ya sa su tattara karin maganar da ke cikin labari guda su bayyana aikin kowace. Na huɗu, ya ba su wani gajeren labari na wata al'umma su mayar da shi na garinsu, tare da faɗin inda suka samo shi. Ta haka ɗalibi zai tashi daga haddace sunayen taurari ya koma fahimtar yadda ake gina labari.

4.8 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa Abubakar Imam ya tsaya ne a mahaɗar hanyoyi: tatsuniyar gida, da karatun zaure, da boko, da fada, da hukumar da ta buga ayyukansa. Kowace ta ba shi wani abu, ta kuma iyakance shi ta wata fuska. Tafarkin da ya share na labarin yawon duniya da abubuwan al'ajabi shi marubuta da dama suka bi a bayansa, har zuwa gasar kamfanin NNPC wadda ta fito da irin su So Aljannar Duniya da Mallakin Zuciyata a 1980, inda aka juya sosai ga rayuwar yau da kullum. Wanda ya fahimci yadda Imam ya sarrafa abin da ya gada da abin da ya aro, ya sami ma'aunin da zai yi amfani da shi wajen nazarin marubutan da za a duba a babi na gaba.

4.9 Tambayoyin Bita

1. Kawo taƙaitaccen tarihin Abubakar Imam, tare da nuna yadda gidansu da makarantunsa suka shirya shi ga aikin rubutu.
2. Wane hali rubutun zube na Hausa yake ciki kafin gasar 1933? Lissafa littattafan da gasar ta haifar da marubutansu.
3. Kwatanta zubin Muƙamatul Hariri da na Ruwan Bagaja, ka fito da kamanni da bambanci.
4. Me ya sa Imam ya sauya babban labarin aku daga yadda yake a asalinsa? Wane tasiri sauyin ya yi ga jigon Magana Jari Ce?
5. "Abubakar Imam mai baddalawa ne, ba maƙagi ba." Tattauna wannan ra'ayi da hujjoji daga labarai biyu da ka karanta.
6. Tsara darasi na minti 40 ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare a kan labari guda daga Magana Jari Ce.